Yadda za ka gwada sanarwar canji ta nan take kafin ka zaɓi rumbun bayanai

Mai kanti ɗaya da kwamfuta ɗaya ba ruwansa da wannan bayani. Matsalar tana tasowa ne ranar da kasuwa ta buɗe. Ɗauki dillalin taki da maganin feshi wanda sitonsa ke Sabon Garin Zariya, yana da shago a Samaru da wani a bakin Ƙofar Doka, duka suna sayarwa daga kaya ɗaya. Farkon damina, buhu 40 na yuriya suka rage. Yaron Samaru ya sallami wani manomi daga Giwa da buhu 30, shi kuwa na Ƙofar Doka allonsa har yanzu 40 yake nunawa, sai ya karɓi kuɗin 25. Kafin la'asar rigima ta kaure. Abin da Alhaji zai gaya wa mai rubuta masa manhaja bai wuce jimla ɗaya ba: "Malam, da an sayar a can ina so a gani a nan."

Kusan kowane rumbun bayanai, wato manhajar da ke adana lissafin kaya da ciniki, yana da hanyar yin haka, kowanne da sunan da ya raɗa wa tasa. Masu tallata su sauri suke nunawa, alhali a sauri duk kusan ɗaya suke, kafin ƙiftawar ido saƙo ya isa. Inda suka rabu shi ne abin da ke faruwa da saƙon idan mai sauraro ba ya nan lokacin da aka aiko shi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, sabis ɗin waya kuma ya yi ƙasa da zarar hadari ya haɗo, da wannan ya kamata a auna su.

Da farko, zauna da takarda da biro

Kafin ka taɓa kwamfuta, rubuta duk wanda zai saurari canjin, ka kuma rubuta abin da zai faru in saƙo ɗaya ya kuɓuce masa. Za ka ga sun rabu gida biyu. Allon yaron shago ba ya buƙatar sanin cewa buhu ya sauko daga 40 zuwa 35 sannan 10. Abin da ya dame shi kawai shi ne yanzu 10 ne. Amma manhajar da ke aika wa Alhaji saƙon tes a kan kowane ciniki, ko wadda ke rubuta littafin kuɗi, ba ta yafe ko ɗaya. Na farkon halin da ake ciki yake so, na biyun kuwa tarihin abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya. Yawancin zaɓin da ya ɓaci daga nan ya fara ɓaci.

Wani abu da ya kamata a kawar tun yanzu: sanarwa ba ta hana a sayar da buhu ɗaya sau biyu. Ko da saƙo yana isa cikin rabin daƙiƙa, yara biyu za su iya danna maɓalli tare. Abin da ke hanawa shi ne rumbun da kansa ya ƙi cinikin da ya wuce kaya:

UPDATE kaya SET adadi = adadi - 25 WHERE id = 7 AND adadi >= 25;

In babu layin da ya canza, kaya bai kai ba, sai manhaja ta gaya wa yaro kada ya karɓi kuɗi. Sanarwa aikinta rage yawan irin wannan karo ne da sa allo ya faɗi gaskiya.

Na biyu, gane dangin da kowace hanya ta fito

Dangi uku ne. Na farko tamkar mai shela ne a kasuwa: ya ɗaga murya sau ɗaya ya wuce, wanda ya tafi salla bai ji ba, kuma ba za a maimaita masa ba. LISTEN da NOTIFY na PostgreSQL nan suke, haka ma sanarwar maɓallai ta Redis, wadda ta zo a siga ta 2.8 kuma a kashe take sai ka kunna ta da notify-keyspace-events.

Dangi na biyu masu karanta kundin canje-canje ne. Kowane babban rumbu yana rubuta abin da ya yi a wani kundi domin kwafi ko farfaɗowa bayan haɗari: WAL a PostgreSQL, binlog a MySQL, oplog a MongoDB. Mai sauraro yana riƙe alamar inda ya tsaya, in ya dawo ya ɗora daga nan. Sharaɗi ɗaya ne, kada kundin ya riga ya goge wurin.

Na uku su ne masu daidaita allo da rumbu kai tsaye, irin Firestore da Realtime Database na Firebase, kamfanin da Google ta saya a 2014. Waɗannan halin da ake ciki suke kawo maka. In waya ta yi awa ɗaya babu sabis, da ta dawo za ta ga adadin ƙarshe, ba za ta ga matakan da aka bi a tsakani ba.

Na uku, ɗora kowanne a kwamfutarka

Fara da PostgreSQL, domin yana da dangi biyu a cikinsa, kuma a kansa za ka fi ganin bambancin da idonka. Buɗe taga biyu na psql, manhajar da ake rubuta wa PostgreSQL umarni da ita. A ta farko rubuta LISTEN kaya; a ta biyu rubuta NOTIFY kaya, '7'; sannan ka koma ta farko ka aika kowane ɗan umarni, za ka ga sanarwar ta fito. Yanzu rufe ta farko, aika NOTIFY sau uku, sake buɗewa ka yi LISTEN. Babu komai. Saƙonnin ukun sun tafi ke nan.

Akwai ƙa'idojinsa da ya kamata ka haddace. Saƙo ba ya fita sai dunƙulen aikin, wato jerin umarnin da rumbu ke zartarwa tare ko ya fasa su tare, ya kammala da COMMIT, in an fasa da ROLLBACK ba wanda zai ji, wannan kuwa alheri ne. Abin da za ka cusa cikin saƙon dole ya gaza bait 8000, don haka lambar layi kawai za ka aika, mai sauraro ya je ya karanto sauran. In ka aika saƙo iri ɗaya a tasha ɗaya sau da yawa cikin dunƙulen aiki guda, sau ɗaya za a isar. Sai tarkon da ya fi kama mutane: in manhajarka tana bi ta PgBouncer, ɗan tsakanin da ke raba wa manhajoji haɗi da rumbu, a tsarin da ke raba haɗi dunƙule bayan dunƙule, LISTEN ba zai yi aiki ba, kuma ba lallai ya yi maka ƙorafi ba, shiru kawai za ka ji. Mai sauraro yana buƙatar haɗinsa na kansa kai tsaye zuwa rumbun.

Ga dabarar da nake ganin ta ishi yawancin kasuwancin garin nan. Ƙirƙiri tebur mai suna canje_canje mai lamba da ke ƙaruwa da kanta, sannan ka ɗaura tiriga, wato umarnin da ke tashi da kansa duk sanda aka taɓa layi, a teburin kaya:

CREATE FUNCTION sanar_da_canji() RETURNS trigger AS $$
BEGIN
INSERT INTO canje_canje (kaya_id, sabon_adadi) VALUES (NEW.id, NEW.adadi);
PERFORM pg_notify('kaya', NEW.id::text);
RETURN NEW;
END;
$$ LANGUAGE plpgsql;

CREATE TRIGGER bayan_canji AFTER INSERT OR UPDATE ON kaya
FOR EACH ROW EXECUTE FUNCTION sanar_da_canji();

Yanzu NOTIFY ya zama tashe ka kawai yake yi, gaskiyar magana tana cikin tebur. Duk sanda mai sauraro ya dawo daga katsewa, ya fara yin LISTEN tukuna, sannan ya karanto duk layin da lambarsa ta wuce ta ƙarshen da ya gani. Kada ka juya tsarin nan. In ka fara karantawa kafin LISTEN, canjin da ya faɗo a tsakaninsu zai bi ta ƙarƙashin ƙafarka. Ka kuma sani cewa lamba 102 tana iya kammala kafin 101, saboda ana raba lamba tun kafin COMMIT. Maganinsa ka riƙa komawa baya kaɗan duk lokacin karatu, kana tsallake waɗanda ka riga ka yi aiki da su.

Hanya ta biyu a PostgreSQL ita ce karanta WAL. An buɗe ƙofarta a siga ta 9.4 a 2014, aka cika ta da wallafawa da biyan kwafi a siga ta 10 a 2017. Za ka sa wal_level = logical, ka sake tayar da saba, wato kwamfutar da rumbu ke kai, ka buɗe gurbin kwafi, wanda ke riƙe alamar inda mai sauraro ya tsaya, sannan wata manhaja irin Debezium ta riƙa karantawa. Nan babu saƙon da ke ɓacewa, kuma a nan haɗarin yake. Gurbin yana hana rumbu goge kundi har sai mai sauraro ya karanta. In kwamfutar mai sauraro ta mutu ranar Alhamis ba wanda ya lura har Litinin, kundi yana ta taruwa, faifai ya cika, rumbun gaba ɗaya ya tsaya, shago uku ba mai iya sayar da ko buhu ɗaya. Tun daga siga ta 13 akwai max_slot_wal_keep_size da zai sa iyaka. Saka shi, ka yarda cewa in an wuce iyakar gurbin ya lalace sai an sake ɗauko komai daga farko. In kana son ganin yadda layi yake kafin a canza shi ko a goge shi, sai ka sa wa teburin REPLICA IDENTITY FULL, in ba haka ba a kan gogewa lambar layin kawai za ka samu.

MySQL ba shi da NOTIFY ko wani abu mai kama da shi. Binlog ne kawai, kuma sai an sa binlog_format=ROW. A siga ta 8.0 a kunne yake zuwa, yana ajiye na kwana 30 kafin ya goge. Debezium yana karanta shi, haka Maxwell na kamfanin Zendesk da Canal na Alibaba. Ɗaliban da ke rubuta aikin ƙarshe a Samaru da Kongo su lura da abu biyu. XAMPP da ke kwamfutarku MariaDB ne a cikinsa, shi kuwa binlog ɗinsa a kashe yake zuwa. Sannan karanta binlog yana buƙatar izinin REPLICATION SLAVE da REPLICATION CLIENT, wanda masu ba da hayar masauki mai arha, inda mutane da yawa ke raba saba ɗaya, galibi ba sa bayarwa. Tambayi mai masaukin kafin ka rubuta layi ɗaya.

In an hana ka, ba abin kunya ba ne ka koma leƙawa a kai a kai. Na'ura 30 masu tambaya kowace daƙiƙa 5 tambaya 6 ce a daƙiƙa, abin da ƙaramar saba ba za ta ko ji a jikinta ba in akwai fihirisa, wato jerin da ke saurin nemo layi, a kan lambar canji. Sai dai leƙe ba ya ganin layin da aka goge, don haka maimakon gogewa ka riƙa sa masa alamar an soke.

MongoDB ya kawo nasa a siga ta 3.6 a 2017, kuma shi ne mafi sauƙin fara aiki da shi cikin masu karanta kundi: db.kaya.watch() kawai. Ba ya aiki a kan saba tilo da aka tayar haka nan, sai an mai da ita rukunin kwafi, amma rukuni mai mamba ɗaya ya isa gwaji: tayar da shi da --replSet ka rubuta rs.initiate(). Kowane saƙo yana zuwa da alamar tsayawa. Ajiye ta a faifai bayan ka gama aiki da saƙon, ka miƙa ta da resumeAfter in ka dawo. Oplog yana da iyakar girma, a tsarin da yake zuwa da shi kashi 5 cikin 100 na filin faifan da ya rage, tsakanin megabait 990 da gigabait 50, yana cika yana goge tsoho. Umarnin rs.printReplicationInfo() zai gaya maka awa nawa yake riƙewa. In bai kai tsawon hutun Sallah ba, ƙara shi. A kan gyara, filayen da suka canza kawai yake aikowa sai ka nemi updateLookup, shi kuma yana kawo takardar yadda take lokacin da aka leƙa, wadda wataƙila an sake canza ta. Ganin yadda take kafin canji sai a siga ta 6.0 ya zo.

Sauran a taƙaice. SQL Server yana da SqlDependency, wanda ke cewa wani abu ya canza ba tare da faɗin mene ne ba, kuma sai ka sake rajista bayan kowace sanarwa. Tun 2008 yana da Change Tracking da CDC ga mai son tarihi. DynamoDB Streams awa 24 yake riƙewa. Hanyar sanarwar SQLite haɗin da ya yi canjin kawai take sanarwa, ba ta da amfani tsakanin shago biyu. CouchDB da hanyarsa ta _changes ya cancanci a dube shi in shagunan za su riƙa wuni babu intanet, domin an gina shi ne a kan kowa ya rubuta nasa a daidaita daga baya. RethinkDB ya yi suna a wannan fanni, amma kamfanin ya rufe a 2016, aikin ya koma hannun Linux Foundation a 2017. Ni ba zan ɗora sabon kasuwancin wani a kansa ba.

Na huɗu, zare waya

Wannan shi ne ainihin gwajin, kuma bai kamata a yi shi a kwamfuta ɗaya ba. Nemi biyu, ɗaya rumbu, ɗaya mai sauraro, ka haɗa su ta rauta ko ta hotsifot na wayarka. Rubuta 'yar manhaja da za ta riƙa shigar da layi mai lamba daga 1 zuwa 1,000, ɗaya kowace daƙiƙa. Mai sauraro ya riƙa rubuta duk lambar da ta iso a fayil. Da an kai wajen 300, kashe hotsifot ɗin minti biyu, sannan ka kunna. Bari ya ƙare.

Buɗe fayil ɗin ka nemi abu uku: lambobin da suka ɓace, waɗanda suka zo sau biyu, da waɗanda suka zo a hargitse. NOTIFY tsurarsa da Redis za su bar maka giɓi na kusan lamba 120. Masu karanta kundi ba za su bar giɓi ba, amma kada ka yi mamaki in ka ga 298 da 299 sun maimaitu, domin alkawarinsu shi ne saƙo zai iso aƙalla sau ɗaya. Saboda haka duk aikin da mai sauraro zai yi, ya zama maimaita shi ba ya ɓarna. Kafin a aika wa Alhaji tes a duba ko an riga an aika na wannan lamba, in ba haka ba zai ga ciniki ɗaya sau biyu ya kira yaro yana tambayar ina sauran kuɗin.

Akwai abu na huɗu da fayil ba zai nuna ba sai ka zuba ido: shin mai sauraro ma ya san an katse? Haɗin da aka yanke ta hanyar kashe rauta ba ya yin sallama. Manhaja tana iya zama tana jira a kan mataccen layi tsawon lokaci, allo yana nuna tsohon adadi kamar komai lafiya. Sa ta riƙa aika ɗan bugun tabbatarwa kowane rabin minti, in ba amsa ta rufe ta sake haɗawa. A allon yaron shago kuma a sa alama ja mai cewa adadin nan na ƙarfe kaza ne. Yaro in ya ga ja zai ɗaga waya ya kira sito kafin ya karɓi kuɗi.

Maimaita gwajin ta hanya biyu. Kashe kwamfutar mai sauraro da ƙarfi, kamar yadda take mutuwa in batirin inbata ya ƙare, ka ga ko alamar tsayawa ta tsira. Sannan bar ta a kashe kwana guda cur, da safe ka duba PostgreSQL da wannan:

SELECT slot_name, active, pg_size_pretty(pg_wal_lsn_diff(pg_current_wal_lsn(), restart_lsn)) FROM pg_replication_slots;

Abin da ya fito shi ne yawan kundin da ya taru a dare ɗaya. Raba filin faifanka da shi, ka san kwana nawa kake da su kafin rumbu ya shaƙe.

Na biyar, hanyar da saƙo zai bi zuwa waya

Duk abin da aka faɗa a kan PostgreSQL da MySQL da MongoDB a saba yake ƙarewa. Ba a haɗa wayar yaron shago kai tsaye da rumbu, domin sai ka saka kalmar sirrin rumbun cikin manhajar da ke hannun kowa. Dole a sami ɗan tsakani, ƙaramar manhaja a saba wadda ke riƙe haɗi ɗaya da rumbu tana rarraba wa wayoyi ta WebSocket, haɗin da ke zama a buɗe tsakanin saba da waya. Wannan aikin ne Firebase ke ɗauke maka, haka Supabase, wanda PostgreSQL ne a ƙasa yana karanta WAL yana turo wa waya. In ka bi ta Supabase, kunna tsaron matakin layi, wanda ke taƙaita layukan da kowa zai iya gani, a kowane tebur, don kada yaron Samaru ya riƙa ganin ribar shagon Ƙofar Doka. Kuma Android yana yanke haɗin manhajar da aka ajiye a baya don adana batir, saboda haka abin da dole Alhaji ya gani ko wayarsa tana aljihu, ta sanarwar turawa irin FCM ta Firebase ko tes za a aika shi.

Na ƙarshe, lissafin kuɗi

Firestore a kan kowace takarda da aka karanta yake caji, kyauta har 50,000 a rana. Adadin yana da girma a ido har sai ka lissafa. Kaya iri 2,000, waya 15 kowacce ta buɗe jerin gaba ɗaya da safe, karatu 30,000 ke nan kafin a sayar da komai. Kuma mai sauraron da ya katse sama da minti 30, in ya dawo ana lissafa masa kamar sabuwar tambaya ce. Buɗewar safe da irin wannan dawowa sau ɗaya sun isa su kai ka 60,000. Gyaransa kada waya ta saurari jerin duka, ta saurari kayan da aka canza daga lokacin da ta gani na ƙarshe, ko shafin da ke buɗe a allo kawai. Realtime Database kuma a tsarin kyauta haɗi 100 yake bari a lokaci guda. Abin da ya wuce kyauta da dala ake biya, don haka a gaya wa mai kasuwa tun kafin a fara, kada ya ji daga bakin banki.

Ga dillali mai shago uku zuwa goma, PostgreSQL da teburin canje_canje da NOTIFY nake ba da shawara: ba sabuwar manhajar da za a yi reno, kuma duk wanda ya gaji aikin zai iya buɗe teburin ya karanta. Debezium, wanda galibi da Kafka, wata babbar manhajar jigilar saƙonni, ake tafiyar da shi, ya dace ne inda manhajoji da yawa ke shan canji ɗaya kuma akwai mutumin da aikinsa ke nan ya kula da su. Firestore ya fi dacewa in manhajar ta waya ce zalla, yara suna shiga ƙauyukan Giwa da Soba inda sabis ke zuwa yana tafiya, kuma halin da ake ciki kawai ake so. Wanda ya riga ya gina komai a kan MySQL a masaukin haya ya tsaya a kan leƙen daƙiƙa 5, ya ƙara fihirisa, ya sa alamar ja a allo.